Nazarin Lamari: Sarƙar Honda Grom da Aka Ƙara wa Tsawon Hannun Baya

Babur ɗin Honda Grom ne mai giya huɗu, irin wanda aka riƙa ƙerawa daga 2013 zuwa 2020. Na hannu ne, daga Amurka aka shigo da shi ta Legas, wani saurayi ma'aikaci a Kaduna ya saye shi. Kafin shekara ta zagayo ya ci sarƙa biyu. Mai yana tsatsafowa ta bayan ƙaramin faifan haƙora na jikin inji, akwai wani kuka siriri da ke tashi da zarar an wuce gudun kilomita 50, kuma in ya ɗauki mutum a baya sai babur ɗin ya sandare, duk ramin da aka faɗa sai an ji shi a ƙugu. Da waɗannan ƙorafe-ƙorafe huɗu ya zo wurina a gareji, yana zaton cuta huɗu ce. Ɗaya ce.

Grom ƙaramin babur ne, a Tailan ake haɗa shi, a wasu ƙasashen kuma MSX125 ake kiransa. Injinsa siisii 125 ne, ƙarfinsa bai cika doki 10 ba, tayoyinsa inci 12, tsakanin tayar gaba da ta baya kuwa milimita 1,200. Sarƙarsa lamba 420 ce mai gaɓa 106, faifan gaba haƙori 15, na baya 34. Littafin kamfani ya ce a bar wa sarƙar wasa, wato lilon da take yi sama da ƙasa, na milimita 30 zuwa 40, ana aunawa a tsakiyar layin ƙasa, babur yana jingine a kan jakin gefe, kuma kada a hau shi in wasan ya wuce 50.

Wannan da ke gabanmu dai ba haka ya fito daga kamfani ba. Mai shi na farko ya ƙara wa hannun baya tsawo, wato ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe tayar baya yana hawa yana sauka da ita. Ya ɗaura wasu guntayen alminiyam a ƙarshen kowane reshe, suka tura tayar baya da inci 4, kimanin milimita 102. Ya kuma sa gajeren shokozoba domin babur ya kwanta ƙasa. Al'adar ta samo asali ne daga masu tseren miƙaƙƙen layi, waɗanda ke tsawaita manyan babura irin su Suzuki Hayabusa don kada gaba ya ɗaga sama in an fizgi giya. Daga nan ta zama ado, ta sauko kan ƙananan babura a Amurka da Tailan. Injin da bai kai doki 10 ba ba ya buƙatar wannan ƙari, kwalliya ce kawai, kuma ban ga laifin mai son kwalliya ba muddin ya san abin da ta jawo masa.

Da babur ya iso Kaduna, kwanciyar nan ta zama masifa. Kowane tudun rage gudu sai cikinsa ya karta. Dalili bai tsaya ga gajeren shokozoba kaɗai ba. In aka tsawaita hannu aka bar shokozoba a mazauninsa, tayar ta sami ƙarin rinjaye a kansa, kuma laushin da ake ji ya fi ƙarin tsawon yawa, domin sau biyu lissafin ke shiga. Ƙarin da ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon hannu yana rage taurin baya da kusan kashi ɗaya cikin uku. Saboda haka saurayin ya je aka nemo masa dogon shokozoba mai tauri na wani babur daban, mai walda ya gyara masa kunne ya zauna. Bayan babur ya ɗago, karta ta ƙare, kowa ya yi murna. Babu wanda ya lura cewa hannun baya yanzu ya sunkuya ƙasa sosai fiye da yadda yake a da, kuma daga nan ne labarin sarƙa ya fara.

Sarƙa ta farko ba ta da wani abin mamaki. Tsakanin ƙusa da ƙusa a sarƙar 420 rabin inci ne, milimita 12.7. In taya ta ja baya da inci 4, layin sama na son ƙarin gaɓa 8, na ƙasa ma 8, jimla 16. Ke nan 106 ta koma 122. A kasuwa kuwa mai gaɓa 120 aka samu. Makaniken da ya sa ta ya tura aksil, wato sandar da tayar baya ke juyawa a kanta, gaba har ƙarshen raminsa, ya ja sarƙar da ƙarfi ya haɗa makullinta, ya ce za ta saki da kanta. Ta saki ɗin, amma sakin sarƙa ba miƙewar ƙarfe ba ne, cinyewar ƙusoshi ne da bututun da suke juyawa a ciki. Abin da ya ci ya tafi ke nan.

Ta biyu ita ce ta sa na ga lamarin ya cancanci a rubuta. A wannan karon saurayin bai yarda da kowa ba. Ya sauko da littafin kamfani daga intanet, ya sayo sarƙa mai gaɓa 130 aka yanke ta zuwa 122, ya canza faifan gaba da na baya tare da ita kamar yadda ya kamata, ya sa rula ya bar mata wasan milimita 35, tsakiyar abin da littafi ya ce. Yana shafa mata mai, yana duba ta. Duk da haka ta mutu, sai dai ta fi ta farko jinkiri.

“Malam, ai littafin kamfani na bi, ban ƙara ban rage ba,” in ji shi.

Na ce, “Ƙanena, ka bi shi daidai. Amma littafin na babur ɗin da ya fito daga kamfani ne. Wannan an canza masa hannu, an canza masa shokozoba, ba shi aka auna ba da aka rubuta 30 zuwa 40.”

Ga abin da ya sa sarƙa ke buƙatar wasa tun farko. Cibiyoyi uku ne a bayan babur: tsakiyar ƙaramin faifai na jikin inji, sai ƙusar da hannun baya ke juyawa a kanta, sai aksil ɗin tayar baya. Da a ce faifan gaba yana zaune daidai kan ƙusar hannu, da nisan da ke tsakaninsa da faifan baya ba zai taɓa canzawa ba, duk yadda taya ta hau ko ta sauka. Amma ba a nan yake ba, yana gaba da ita da 'yan santimita. Saboda haka nisan yana ƙaruwa yana raguwa. Ya fi tsawo a lokacin da cibiyoyin uku suka hau layi ɗaya miƙaƙƙe, ya ragu in hannu ya sunkuya ƙasa da layin ko ya haura sama da shi. Babur da ke tsaye ba kowa a kai, hannunsa yana ƙasa da layin. In mutum ya hau, ko an faɗa rami, hannun ya taso ya nufi layin, sarƙa ta ƙara ɗaurewa. Wasan da littafi ya ce a bari tanadi ne domin wannan lokacin.

Abin da mutane ba su cika ganewa ba shi ne ƙanƙantar wannan tanadi. Milimita 35 a ido abu ne mai yawa, sarƙa tana lilo sama da ƙasa. Amma a Grom na asali, inda tsakanin faifan biyu ya kai kimanin milimita 516, wannan lilon duka daga rarar tsawon da bai wuce milimita 1.2 ba yake fitowa. Kuma in faifan biyu suka nisanci juna da rabin milimita, milimita guda ce ke tafiya daga rarar, tunda sama da ƙasa kowanne ya ɗauki nasa. Don haka juyin noti kaɗan a wurin ɗauri ke mayar da sarƙa mai sako-sako ta koma kamar tsirkiyar baka.

To mene ne tasirin ƙarin tsawon shi kansa? A nan akwai maganganu biyu da ake yawan ji, kuma duka biyun ba su cika ba. Wasu na cewa tsawo bai canza komai ba, a bi littafi. Wasu na cewa tunda tazarar faifan biyu ta ƙaru da kashi 20 cikin 100, a ƙara wasa da kashi 20. Lissafi ya nuna abin yana tsakani. A tazarar milimita 618, wasan 35 rarar milimita 1.0 kawai yake bayarwa. In ana son a dawo da 1.2 ɗin nan, sai wasa ya kai 38. Wato 30 zuwa 40 ta koma kamar 33 zuwa 44. Bambanci ne, amma ba wanda zai kashe sarƙa cikin 'yan watanni ba. Da tsawo ne kaɗai aka ƙara wa babur ɗin nan, da 35 ɗin saurayin ta ɗan yi tsauri, ta kuma rayu.

Sunkuyawar hannu ita ce mai kisa. Yawan sarƙar da ake cinyewa daga tsayuwa zuwa layi miƙaƙƙe ya danganta da girman kusurwar, kuma ba bi-da-bi yake tafiya ba. In kusurwa ta ninka biyu, abin da ake buƙata ya ninka huɗu. Dogon shokozoban nan da ya raba babur da karta shi ne ya buɗe kusurwar. Akasin haka ma gaskiya ne: lokacin da babur ke kwance a hannun mai shi na farko, hannun yana dab da layin ko a tsaye, don haka wasan da yake buƙata bai kai na littafi ba. Babur ɗaya, hannu ɗaya, amma lamba biyu mabambanta, gwargwadon shokozoban da ke jikinsa. Shi ya sa ba na ba kowa lamba ta waya in ya ce mini ya tsawaita hannu. Sai an tambayi babur ɗin.

Tambayar ba ta da wuya, kuma ba ta son kayan aiki masu tsada. Muka tallafe babur ta ƙarƙashin firam, tayar baya ta bar ƙasa. Muka zare ƙusar ƙasa ta shokozoba, hannu ya zama sake. Muka ja zare daga tsakiyar faifan gaba zuwa tsakiyar aksil domin mu ga lokacin da zai ratsa ta kan ƙusar hannu. Kafin mu taɓa komai, na ce saurayin ya ɗaga tayar da hannunsa, sarƙar tana nan a 35 ɗin da ya bar ta. Ya ɗaga, ta taso kaɗan, ta tsaya cak tun zaren bai kai kan ƙusar ba. Ba shokozoba a jiki, ba abin da ya tare ta sai sarƙa. Ya gwada juya tayar, ta ƙi sai da ƙyar. Daga nan bai sake buƙatar bayanina ba.

Abin da hannunsa ya kasa yi, nauyin mutum biyu da ramin titi suna yin sa da ƙarfin tsiya kullum. Rarar da babur ke buƙata ta haura milimita 2, wadda aka ba shi 1 ce. Sauran milimita gudan dole ta fito daga wani wuri, kuma ta fito daga ƙusoshin sarƙa, da boris ɗin tayar baya, da boris ɗin sandar da faifan gaba ke kai, da robar da ke tare mai a bayansa. Ga kukan, ga yoyon, ga sandarewar baya, domin sarƙa ta karɓe aikin shokozoba.

Muka auna ɓarnar. Gaɓa 20 na sabuwar sarƙar 420 milimita 254 ne. Tasa ta nuna 256 a wani sashe, 259 a wani, wato kusan kashi 2 cikin 100 a inda ta fi ci. Sarƙar da ta ci ba daidai ba ba ta ɗauruwa, in ka daidaita nan can ya yi tsauri. Haƙoran faifan baya sun fara lanƙwasa. Boris ɗin taya na ɓangaren sarƙa yana gurnani in an juya shi da yatsa. Wanda ya fi tsorata ni shi ne na cikin inji, domin canza shi sai an raba injin gida biyu, kuma kuɗin aikin zai ninka na sarƙa sau da yawa. Muka cire faifan gaba muka girgiza sandar, ba ta motsa ba. Robar mai kaɗai ta tafi. Allah ya taƙaita.

Akwai laifi na biyu da ya ɓuya a ƙarƙashin na farko. Guntayen ƙarin suna da zane-zanen daidaita taya a jikinsu, saurayin kuma ya amince da su. Da muka sa tef daga tsakiyar ƙusar hannu zuwa tsakiyar aksil a kowane gefe, hagu ya fi dama da milimita 3. Guntu ɗaya bai shige reshensa har ƙarshe ba. Taya ta karkace, sarƙa tana shiga faifan baya a kaikaice, gefen haƙoran ya yi sheƙi ta fuska ɗaya. A hannun da ba na kamfani ba, tef ko zare nake yarda da shi, ba zane ba.

Bayan an sa sabuwar sarƙa da sababbin faifai da boris da roba, muka koma kan zaren. Muka ɗaga taya da katako har cibiyoyin uku suka hau layi. Muka juya ta a hankali muka nemo inda sarƙar ta fi tsauri, domin ko sabon faifai ba ya rasa ɗan rashin daidaito, muka ɗiga fenti a wurin. A nan muka bar wasan milimita 12. Tsakanin 10 da 15 ya wadatar a wannan matsayi, abin da ake so shi ne kada ta taɓa kaiwa babu. Muka ɗaure notin aksil, muka sake aunawa, saboda ɗaurin noti yakan ja sarƙa kaɗan. Sannan muka mayar da shokozoba, muka sauke babur kan jakin gefe, muka sa rula. Ta nuna 52.

A nan muka yi ja-in-ja. Lambar gaskiya ce, ita babur ke buƙata da wannan shokozoba, amma ban ji daɗinta ba. Doguwar sarƙa mai wasan 52 tana dukan hannu in an saki totur, tana fizga in an sake ja, kuma a kan gargada, lokacin da taya ta sauka ƙasa gaba ɗaya, wasan zai fi haka. Mun riga mun ga robar da sarƙa ke gogawa a kan hannu ta ci har ta kusa kai ƙarfe, saboda sunkuyawar ta sa layin sama yana kwanciya a kanta. Saurayin ya kawo shawarar a sa 'yar taya mai sifirin da ke tura sarƙa daga ƙasa, ya gan ta a babura irin nasa. Tana da amfani, tana rage duka da ƙara. Sai dai in an rage gudu da giya, layin ƙasa ne ke ɗaukar ja, ya ture 'yar tayar gefe, fizgar ta dawo. Kuma wanda ya sa ta yakan daina auna sarƙa, tunda kullum a ido a ɗaure take.

Ra'ayina na farko shi ne a cire guntayen, a mayar da hannu yadda yake, a nemo shokozoban asali, littafi ya sake zama gaskiya. Ya ƙi, ya ce don siffar ya sayi babur ɗin. Haƙƙinsa ne. Muka tsaya a tsakiya: a bar tsawon, a nemo shokozoba mai tsawo kusa da na asali amma mai sifirin da ya fi tauri, domin ya rama laushin da ƙarin hannu ya kawo ba tare da ya ɗaga baya sama ba. Da aka samu aka sa, muka maimaita awon daga farko, tunda tsohuwar lamba ta tafi tare da tsohon shokozoba. Sha biyu a kan layi, 44 a kan jaki. Wannan na karɓa. Muka rubuta 44 zuwa 48 da fenti a cikin reshen hannu, inda duk makaniken da ya sunkuya zai gani.

Rubutun nan ba ƙaramin abu ba ne a wurina, domin na san halin garejinmu. Yaron shago in ya ga sarƙa tana lilo, kafin ka yi magana ya ɗauki sifana, kuma da kyakkyawar niyya yake yi, a ganinsa ɗauri tam shi ne aiki mai kyau. Haka ake yi wa Boxer da Jincheng na masu acaɓa da masu dakon buhuna, a ɗaure sarƙa babur ba kaya, sannan a ɗora masa buhu biyu na masara, hannu ya taso kan layi. Su ba a tsawaita musu komai ba, amma cibiyoyin nan uku suna jikinsu, kuma mai dako ya fi kowa saka sarƙarsa a wurin da ta fi tsauri. Gwaji mafi sauƙi gare shi shi ne ya ɗora kayan da ya saba ɗauka, ya hau, wani ya taɓa sarƙar da yatsa. In ba ta motsi, an yi mata yawa.

Sauran abin da muka gyara kafin ya tafi ba su da yawa. Kilif ɗin makullin sarƙa an sa shi a juye, muka mayar da rufaffen bakinsa yana kallon inda sarƙa ke tafiya. Tiyon birkin baya, wanda aka canza da dogo tun a Amurka, yana gogar taya in hannu ya hau sama, muka ɗaure shi a jikin reshe. Na hana shi baƙin mai, na ce ya wanke da kananzir ya shafa man giya mai kauri lamba 80 ko 90, kaɗan, ya goge rarar, musamman da hunturu lokacin da ƙura ke manne wa mai ta zama abin niƙa. Grom ba shi da murfin da ya rufe sarƙa duka irin na baburan dako, a buɗe take.

Da ya dawo bayan sabuwar sarƙa ta zauna, wasan ya kai 47, muka mayar da shi 44, kuma tun daga nan bai ƙara motsi sosai ba. Bayan faifan gaba a bushe yake, kukan ya ɗauke. Abin da na ce ya riƙa dubawa duk kilomita 500 tare da sarƙar shi ne notocin da ke riƙe guntayen ƙarin, domin duk nauyin tayar baya da jan inji ta kansu suke bi. Mun ja layin fenti daga kan kowane noti zuwa jikin hannu, in layin ya rabu ya san noti ya juya, kada ya hau sai an ɗaure.